Daga Bolt 330,000 Zuwa Bolt 1.2: Tarihin Ƙure Gudun Kwamfuta Daga Bakin Tafkin Kainji

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau a kan bolt za mu yi magana. E, ƙarfin wuta. Wasunku masu wasan gem da masu haɗa bidiyo sun sha tambaya ta yadda ake ƙara wa furosesa gudu, abin da masu harkar ke kira obakulokin, mu kuma bari mu kira shi ƙure gudu. Tambayar da ta fi yawa ita ce: bolt nawa zan ba ta? To ni ɗan Ngaski ne, kuma ɗan Ngaski ba ya jin kalmar bolt bai tuna da ruwan da ke bayan garinsu ba. Don haka zan ba ku tarihin guda biyu a haɗe, domin waya ɗaya ce ta ɗaure su. Wutar da ke shiga furosesarka da ƙarfin bolt 1.2, wata ƙila daga Kainji ta taso da ƙarfin bolt 330,000.

Bari mu fara da fahimtar abin da kansa.

Duk wanda ya taɓa kallon tseren kwalekwale a bikin Rigata na Yauri ya riga ya fahimci rabin darasin. Matuƙa suna jere, kowa da filafilinsa, kuma dole su riƙa sara ruwa a tare bisa kiɗa ɗaya. To cikin furosesa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransista, su ma kiɗa ɗaya suke bi. Wannan kiɗan shi ne agogon furosesa. Idan ka ji an ce gigahaz 4, ana nufin ganga tana bugawa sau biliyan 4 a daƙiƙa guda. Bolt kuwa shi ne ƙarfin damtsen matuƙan. Ka hanzarta kiɗa ba ka ƙara ƙarfi ba, wasu za su kasa kai filafili kafin bugu na gaba, jere ya watse. A kwamfuta shi ne za ka ga ta daskare, ko ta nuna shuɗin allo, ko ta kashe kanta. Shi ya sa mai ƙure gudu yake ƙara bolt.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tafiya da gudu kai tsaye, amma da bolt ninki yake tafiya, wato bolt sau bolt. Ka ɗaga daga 1.20 zuwa 1.35, a ido ba komai ba ne, amma wutar da take sha ta ƙaru da kusan kashi 27 cikin 100. Ka haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, ka kusa kashi 40. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kuma duk wannan ƙarin zafi yake zama a kan ɗan fili da bai wuce kan sarki na wasiƙa ba.

To yanzu mu koma baya.

Sunan bolt daga wani ɗan Italiya ya samo asali, Alessandro Volta, wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Shekara 6 bayan haka, a 1806, Mungo Park ya halaka a ruwan Bussa, nan ƙasa da mu kaɗan. Babu wanda ya zaci wata rana waɗannan labarai biyu za su haɗu a wuri guda. Sun haɗu a 1964, lokacin da aka fara ginin madatsar Kainji a ƙarƙashin hukumar madatsun Neja da aka kafa a 1962. Kamfanin da ya jagoranci ginin ma na Italiya ne, Impregilo. An gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa.

Da aka tare Kwara, ruwa ya ja baya ya yi tafki mai tsawon kilomita sama da 130, tun daga bakin dam har yankin Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse. Tsibirin Foge ya shiga ƙarƙashin ruwa. An tashi kimanin mutum 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200, a ƙasar Borgu da ƙasar Yauri. Gungawa da suka gaji zaman tsibiri da noman albasa a bakin kogi, da Kambari, da Lopawa, da Sarkawa masu su, aka mai da su sababbin matsugunai masu gidajen siminti da ba su suka zana ba. Kaburburan kakanni, gonakin fadama, kukoki da tsamiyoyin da ake kwatance da su, duk suna ƙasan ruwan da muke haye wa yau in za mu kasuwa. Wannan shi ne kuɗin da mutanenmu suka biya, tun kafin a kawo wa kowa takardar bil.

Ku riƙe wannan lambar kuma: an tsara Kainji ta ɗauki injina 12 masu ba da megawat 960, amma 8 aka girka, megawat 760. Shekaru da dama ma ba duka takwas ɗin ke juyawa ba. Wato mu namu babban injin ba a taɓa ƙure shi ba, ƙasa da ƙirarsa ya yi ta aiki.

A shekarar da aka buɗe Kainji, 1969, wani injiniya a kamfanin Motorola na Amurka mai suna James Black ya wallafa lissafin da har gobe ake kira da sunansa. Abin da ya nuna shi ne: idan wuta mai yawa tana bi ta siririyar waya ta ƙarfe, sannu a hankali takan kwashe ƙwayoyin ƙarfen daga wani wuri ta tara a wani, kamar yadda ruwa ke cin gaɓa yana jibge yashi a gaba. Yawan wuta da yawan zafi su ke hanzarta wannan zaizaya. 

Furosesa ta farko da aka sayar a kasuwa, Intel 4004, ta fito a 1971, da taransista 2,300 da gudun kilohaz 740. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun Neja da hukumar lantarki ta ECN aka haifi NEPA. Kun ga ashe sa'anni ne. Ɗaya ta girma ta ninka kanta sau miliyoyi, ɗayar kuma kowa ya san sunan da muka raɗa mata.

A 1981 IBM ta fitar da kwamfutarta ta tebur, gudunta megahaz 4.77, a kan bolt 5. A 1984 ta fitar da samfurin AT mai megahaz 6. Nan masu ƙwaƙwa suka gano cewa ɗan ƙaramin dutsen kiristal ne ke buga kiɗan, suka riƙa cire shi suna sa mai sauri, kwamfuta ta haura zuwa 8. IBM ta ji haushi, ta gyara manhajar BIOS ta yadda in ka canza dutsen ba za ta tashi ba. Daga nan aka fara wasan ɓuya tsakanin kamfani da mai saye, kuma tambayar ita ce: abin da na saya da kuɗina, wa ke da ikon faɗin iyakarsa?

Me ya sa ma ake samun rarar gudu? Saboda kamfani ba ya sayar da furosesa a bakin iyakarta. Yana barin rata, don ta yi aiki a ɗaki mai sanyi a Landan, ta kuma yi a shagon da ke tafasa a Wara cikin watan Afrilu. Sannan ko daga faranti ɗaya aka yanko su, furosesa biyu ba sa zama daidai, kamar 'ya'yan ciki ɗaya ne, kowa da halinsa. Wata za ta yi gudu da ɗan bolt kaɗan, wata sai an ɗura mata. Rabo ne. Mai ƙure gudu wannan ratar yake ci.

Pentium ta farko a 1993 tana kan bolt 5, kuma ta yi suna wajen zafi. A 1994 aka sauko 3.3. A 1997 Pentium MMX ta sauko 2.8. Ku lura da hanyar da tarihin ke bi: gudu yana hawa, bolt yana sauka. Wani masani a IBM, Robert Dennard, shi da abokan aikinsa sun bayyana dalili tun 1974: duk lokacin da aka ƙanƙanta taransista, za a iya rage mata bolt, ta ƙara sauri, zafi kuma bai ƙaru ba. Kusan shekara 30 duniya ta yi tana cin wannan garaɓasa.

Shekarar da talaka ya dara ita ce 1998. Intel ta fitar da Celeron 300A, mai arha, megahaz 300 a kan bolt 2.0. Jama'a suka gano cewa in ka canza gudun allon uwa, wato madabod, daga 66 zuwa 100, sai ta tashi 450, ta kamo Pentium II mafi tsada a lokacin. Da yawa ba sa ma buƙatar ƙarin bolt, wasu kuma ɗan kaɗan. Wani kamfanin Taiwan, Abit, ya sauƙaƙa abin da allonsa BH6, inda kake saita gudu da bolt daga cikin BIOS ba sai ka buɗe akwati kana canza ƙananan filogi ba. A 2000 kuma masu AMD Athlon da Duron suka zo da dabarar fensir: akwai wasu ƙananan gadoji a saman furosesar da kamfani ya yanke don ya kulle ta, sai mutum ya goga bakin fensir a kai, wuta ta bi ta gawayin, kulle ya buɗe. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in ga kamar masu gyaran waya na Farm Centre a Kano. Hali ɗaya ne: kuɗi kaɗan, kai da yawa.

Daga nan sai jiki ya fara gaya musu. Wajen 2002, masu Pentium 4 samfurin Northwood da suka riƙa haura bolt 1.7 suka ga furosesa tana aiki lafiya watanni, sai ta fara tuntuɓe, sai ta mutu ɗungurum. Har suna suka ba abin, ciwon mutuwar fuju'a ta Northwood. Kamfanonin ma suka ci karo da bango. Taransista ta yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta jikinta ko tana kashe, bolt ya ƙi sauka ƙasa da wajen 1 yadda ya saba. A 2004 Intel ta soke shirin furosesar da ta kira Tejas, Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8. Maimakon matuƙi ɗaya mai mugun sauri, sai aka koma zuba matuƙa da yawa a jirgi ɗaya. Asalin furosesa mai ƙwaƙwalwa 2, da 4, da 8 ke nan, har wadda ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu.

Masu neman suna ba su daina ba. A 2011 an kai AMD FX gigahaz 8.4 har ta shiga kundin Guinness, a ƙarshen 2022 kuma wata tawagar ASUS ta haura gigahaz 9 da Core i9-13900K. Amma su da ruwan iskar gas mai tsananin sanyi suke yi, irin naitirojin da ke kan digiri 196 ƙasa da sifili, har da wanda ya fi shi sanyi, kuma na ɗan lokaci ne a ɗauki hoto. Kada wani ya gani a YouTube ya ce zai gwada da fankar silin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda labarin ya juya. Kamfanonin da ke hana ƙure gudu sai suka mai da shi haja. Tun 2008 Intel ta sa Turbo Boost, furosesa na ƙure kanta da kanta in ta ga akwai sarari. A 2011 ta sayar da irin su Core i5-2500K a buɗe, ka biya ƙari a ba ka makulli, mutane suka riƙa ɗaga ta daga 3.3 zuwa wajen 4.5. Gasa tsakanin Intel da AMD ta yi zafi har ratar nan da ake bar wa mai saye, kamfani ya fara cinye ta tun daga masana'anta.

Sai ga sakamako. A watan Afrilun 2023 wasu furosesoshin Ryzen 7000X3D suka riƙa ƙonewa har suna kumbura a cikin soket, AMD ta fito ta ƙayyade bolt na wani sashe nasu kada ya wuce 1.3. A watan Yulin 2024 Intel ta amsa cewa furosesoshinta na tebur zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da ƙima, shi ke sa su lalacewa a hankali. Ta fitar da gyara a watan Agusta mai hana su neman sama da 1.55, ta ƙara wani a Satumba, ta kuma tsawaita garanti da shekara 2. Wadda ta riga ta zaizaye kuwa ba manhajar da za ta warkar da ita, sai canji. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ba yaran gem ne suka ƙona kayansu ba a wannan karon, masu ƙirar ne da kansu.

To wane ilimi masu wannan harka suka tara cikin shekara 40? Ga shi a dunƙule, ga mai son gwadawa. Na farko, ka san inda ka tashi: rubuta gudu, bolt da zafin da kwamfutarka ke yi kafin ka taɓa komai. Na biyu, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ƙara gudu da megahaz 100, ka gwada. In ta faɗi, ƙara bolt da 0.01 ko 0.02, ka sake gwadawa. Kada ka yi tsalle. Na uku, gwaji na gaske, awanni, da manhaja mai matsa wa furosesa kamar Prime95, idonka a kan zafi. Yawancinsu in sun doshi digiri 95 zuwa 100 rage gudu suke da kansu, ka ga wahalar banza ke nan. Na huɗu, ka sani bolt ɗin da ka rubuta a BIOS ba shi ke isa ba in aiki ya yi nauyi, yakan ɗan faɗi. Akwai saiti na cike wannan giɓi, amma in ka ƙure shi, lokacin da nauyi ya sauka kwatsam sai bolt ya yi tsalle sama, kuma wannan tsallen ba kowace manhaja ke nuna shi ba. Na biyar, burin shi ne bolt mafi ƙanƙanta da zai riƙe gudun. In ka kai inda ƙarin megahaz 100 ke neman bolt mai yawa, ka tsaya, ka ma ja baya taki ɗaya. Kuma ka sani, garantin kamfani ba ya ɗaukar asarar da ƙure gudu ya jawo.

Ni dai shawarata ga mutanenmu ta fi karkata ga kishiyar abin, wato rage bolt. Yawancinmu laftof na hannu muke riƙe da su, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga caji na sola ko na janareta. Rage ɗan bolt ba tare da rage gudu ba yana sauke zafi, ya tsawaita batir, wani lokaci ma kwamfutar ta fi sauri don ta daina shaƙewa. Masu Ryzen na tebur suna da Curve Optimizer, masu Intel akwai XTU da ThrottleStop. Sai dai tun da masu bincike suka gano a ƙarshen 2019 cewa ana iya amfani da rage bolt a saci bayanan sirri, matsalar da suka kira Plundervolt, kamfanoni da yawa sun kulle wannan ƙofa a laftof ɗinsu. In taka a kulle take, share fanka da sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta zai yi maka aikin da ya fi.

Yanzu mu biyo wayar daga ɗaya bakin, mu dawo gida.

Ruwa ya faɗo ya juya inji a Kainji. Taransifoma ta ɗaga ƙarfin zuwa bolt 330,000, saboda in bolt ya yi sama, wutar da ke ɓacewa a hanya ta zama zafi tana raguwa. Wani layin ya yi kudu zuwa Jebba, wani ya yi arewa zuwa Birnin Kebbi, daga can a sauke zuwa 132,000 a tura Sakkwato, a tura Yamai ta Nijar, wadda ke shan wutar Najeriya tun shekarun 1970. Daga 132,000 a sauko 33,000, a sauko 11,000, sai taransifomar unguwa ta mai da shi wanda ya kamata ya iso soket ɗinka wajen 230. Akwatin wutar kwamfuta ya mai da shi 12. Wasu ƙananan na'urori a gefen furosesa su mai da 12 ɗin wajen 1.2. Furosesa mai shan wat 150 a wannan bolt tana jan amfiya 125, a kula da shi daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda.

Babban layin ƙasa ma yana da nasa kiɗan: bugu 50 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ta ce ya zauna tsakanin 49.75 da 50.25. Injinan Kainji, da na Jebba, da na Shiroro, da na Egbin a Legas, dole su sara ruwa a tare. In nauyi ya fi ƙarfin injina, kiɗa ya ja baya, injina su fara cire kansu don kada su lalace, ƙasa ta faɗa duhu. Shuɗin allo ke nan na ƙasa baki ɗaya. A watan Satumbar 2023 ya faru, ministan wuta Adebayo Adelabu ya danganta shi da gobara a layin Kainji zuwa Jebba. A 2024 kuwa sai da ya faɗi fiye da sau 10.

A tsanin nan mai hawa da yawa, wane taki ne ba mai gadinsa? Na unguwa. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu, daga Wara zuwa Libata, daga Utono zuwa Birnin Yauri, in ma wayar ta isa garinsu, ya san lo-karan: ƙwan fitila ja kamar garwashi, fanka na juyi kamar mai jin barci, firij na gurnani ya kasa tashi. Dalilin ba asiri ba ne. Layi ya yi tsawo, waya ta yi siriri, taransifomar da aka kawo don gida 50 an rataya mata 200. Irin faɗuwar bolt ɗin nan ce da na ce tana faruwa a furosesa in nauyi ya hau. Sannan ranar da wayar nutural ta tsinke, sai wani layin ya yi sama, talabijin da caja su tashi aiki a unguwa guda cikin minti ɗaya. Shi ya sa sitabilaiza ta shiga kayan ɗakin amarya. Mun mai da abin da ya kamata a gyara a kan turke ya zama harajin kowane gida. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bambancin kuwa a nan yake. Yaron da ya ƙure furosesarsa, in ta ƙone, aljihunsa ne. Amma in aka ƙure abin da jama'a ke hawa, wasu ne ke biya. Mu a Ngaski ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwan da ya taso daga Lokon Minna ya nufo Wara ya kife da mutane sama da 150, hukumomi suka ce lodi ya wuce ƙima. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk abin da aka ƙera yana da iyaka, kuma ratar da maƙeri ya bari ba ɓarna ba ce, ita ce rai.

Sunaye sun yi ta canzawa. NEPA ta koma PHCN a 2005. A watan Nuwambar 2013 aka miƙa harkar ga 'yan kasuwa, Mainstream ta karɓi Kainji da Jebba. An yi dokar hukumar HYPPADEC a 2010 don raya yankunan da madatsu suka shafa, Kebbi na ciki, amma sai bayan shekara 10 ta fara aiki. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A bisa alkawarin awa 20 a rana. Ku dubi wannan tsarin da kyau: awa ake ƙirgawa. To awa 10 na bolt 140, wuta ce ko ba wuta ba? A takarda an ba ka. A firij ɗin mai sayar da kifi ba a ba ka ba.

Wannan ne ya sa nake ganin mu matasa muna da abin koyo wurin masu ƙure gudu, kuma ba gudun ba ne. Ɗabi'ar awo ce. Su ba sa cewa "kamar ta yi zafi", cewa suke digiri kaza a bolt kaza bayan awa kaza. Da irin waɗannan alƙaluma, da dubban mutane suka tara, aka matsa wa kamfani kamar Intel har ya amsa. Mu kuwa kukanmu kullum "ba wuta, wuta ba ƙarfi", mai ofis ya ce za a duba, magana ta mutu.

Ga abin da nake roƙo. Yawancin sitabilaiza suna nuna bolt ɗin da ke shigowa, akwai kuma ƙaramin ma'auni da ake soka wa a soket kamar caja. Kada kowa ya taɓa waya tsirara ko ya hau turke, don Allah. A kowace unguwa a samu mutum biyu ko uku, su ware littafi: kwanan wata, lokaci, lambar da aka gani, safe da rana da bayan magariba. A ɗauki hoto. A ƙirga gidajen da ke kan taransifoma, a rubuta girmanta in ana iya karantawa daga nesa. Bayan wata 3 kuna da abin da za ku ajiye a gaban kansila, da ɗan majalisa, da kamfanin raba wuta, da ofishin sauraron koke na NERC, da HYPPADEC. Takarda mai lamba ta fi wuyar turawa ƙarƙashin tebur. 'Yan uwa mata masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ɗinki, ku kuka fi kowa sanin asarar, littafin nan naku ne kafin na kowa.

Kakanninmu ba a tambaye su ba lokacin da aka auna inda ruwa zai tsaya. Wasu ne suka zo da ma'auni, suka kafa alama, suka ce daga nan zuwa nan ku tashi. Mu jikokinsu mun yi boko, ma'aunin kuma yanzu bai fi kuɗin data na wata ba. In har ɗan Ngaski zai iya zama ya daidaita 0.01 na bolt a cikin BIOS, to ya iya tambayar inda bolt 90 suka maƙale tsakanin turke da ɗakinsa.

Nan za mu dakata. Wanda ya fara littafin a unguwarsu ya turo mana abin da ya gani, za mu karanta a shiri, da sunan gari kawai. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya ba mu wuta mai ƙarfi, Ya tsare mana kayanmu da rayukanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.